Sili Uku a Hannun Mamaci

Zuwa ga 'yata, 'Yar Gilashi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da aikinki. Mu nan da sauƙi. Gwiwa tana yi mini tsiya in zan tashi daga kan keken ɗinki, idanu kuma yanar ido ta fara rufe su, ko zare sai matar ɗana Auta ta zura mini a allura. Kunne ma ya bi sahu, shi ya sa ban kira ki a waya ba. Maganar da ke bakina ba ta ihu ba ce.

Kada ki tsaya tunanin wace ce wannan mai rubutu kamar kaza ta taka tawada. Innarki ce mai ɗinki. Kakarki ta wajen uwa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Rabona da ke tun kina 'yar firamare, gilashinki ya fi fuskarki girma, kina zaune ƙarƙashin kekena kina tsince ƙyallaye. An ce zumunta a ƙafa take. Tawa ƙafar ta gaza, sai na aiko hannu.

Kin san babban ɗana, yayanki Kafinta, yana gidan yari. Wataƙila ba a faɗa miki dalili ba don kina karatu a lokacin. Da rana tsaka aka tsinci mai shagon magani na bakin layinmu kwance bayan kantarsa, kansa a fashe. Kusa da shi akwai hular sanyi ruwan toka, wadda kowa a layin ya san ta a kan Kafinta. A makon ne kuma suka yi cacar baki a gaban mutane, kan wata kanta da ya haɗa masa ta lanƙwashe. Babu wanda ya ga shigarsa, babu wanda ya ga fitarsa. Ya ce hular tasa ce, a jikin ƙusa take rataye kullum, amma shi bai kashe kowa ba. Daga nan ya yi gum. Halinsa ke nan tun yana yaro, in ƙusa ta shige masa ƙafa sai kin ga jini kafin ki ji labari.

Abin da ya gama da shi wani masani ne mai farar riga da aka kawo kotu. Ya ce an ciro silin gashi uku a tsakanin yatsun mamacin, ya duba su a madubin ƙara girma tare da na kan ɗana, bai ga bambanci ba. Alƙali ya tambaye shi ko yana da shakka, ya ce ko kaɗan. Aka yanke ɗaurin rai da rai. Shekara tara ke nan ina ɗaukar kwano ina bin layin ziyara.

Da mahaifiyarki ta zo duba ni, na tambaye ta aikin me kike yi, ta ce aikin gashi. Na yi dariya na ce duk wannan karatu ashe kitso aka je koyo. Sai ta ce a'a, irin gashin da ake kai wa kotu ne. Nan take na daina dariya. 'Yata, ni ban san komai ba sai almakashi da zare, amma na san ɗan da na haifa. Ki faɗa mini gaskiya, gashi yana magana haka ƙarara, har a rufe mutum a kansa?

Ki yi haƙuri da rubutuna. Malaminmu ya yi fama da ni in riƙa raba "ga shi" da "gashi" har ya gaji. A haɗe nake rubuta su duka, sai ki duba wanda ya dace.

Innarki mai ɗinki.

*

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma yi miki sannu da gwiwa da idanu. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai gajiyar tsayuwa. Gilashin yana nan, fuskar ce dai ta ɗan kamo shi. Ban manta da ƙarƙashin keken ba, har yau in na ji ƙamshin man keke ke nake tunawa.

Inna, na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Tambayar da kika yi ita ce aikin da muke yi a ɗakin gwaje-gwajenmu tun zuwana. Mun tara gashin mutanen da muka san su, muka cire sunaye, muka miƙa wa masu duba gashi a madubi, muka ce su haɗa mana kowane sili da kan da ya fito. Ba mugaye ba ne, wasunsu sun tsufa a aikin. Amma sun haɗa gashin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, suka ce kai ɗaya ne. Sun kuma raba gashin mutum ɗaya gida biyu. Ni kaina na ba da nawa, na gaban goshi da na ƙeya, aka ce mata biyu ne. Madubi yana nuna launi da kauri, kamar yadda za ki ɗaga yadi biyu ki ce sun yi kama. Kama ba ta nufin daga bandir ɗaya aka yanko su.

Don haka ki riƙe wannan da kyau: da madubi kaɗai, ba za a iya cewa gashin nasa ne ba. Masanin da ya ce ba shi da shakka ya faɗi abin da ya fi ƙarfin na'urarsa.

Saboda irin wannan binciken ne aka kafa kwamitin da ke sake buɗe tsofaffin shari'un da gashi ya yanke. Na kai maganar Yaya Kafinta wurin lauyarsu, ta nemo fayil ɗin. Hular ta ruɓe a ɗakin ajiyar kayan shaida, ruwa ya shiga, amma silin ukun suna nan a manne tsakanin gilashi biyu. Yanzu akwai gwajin ƙwayoyin halitta, wato abin da mutum ya gado a jikinsa daga iyaye, wanda ba ruwansa da launi ko kauri. Za a gwada gashin, a gwada yawun Yaya, a kwatanta. Sai dai dole ya yarda da kansa a ɗauki yawun.

Ni ba zan taɓa gashin da hannuna ba, kuma ba a ɗakinmu za a yi ba, tunda ɗan'uwana ne. In na sa hannu, ko gaskiya ce ta fito za a ce son kai ne. Iyakacina in yi miki bayani, in kuma tsaya a kan lauyar kamar mai jiran tukunya.

Kada ki faɗa wa kowa tukuna. Ki gaishe mini da Auta da iyalinsa.

'Yarki, 'Yar Gilashi.

*

'Yata ta kaina,

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Muna lafiya. Gwiwar ma kamar ta ji labari, yau da kaina na tashi ba tare da na dafa bango ba.

Takardarki ta iso, amma rubutun injin nan naku kamar jerin tururuwa yake a idona. Auta ne ya karanta mini. Kin san shi ne ƙanen Kafinta, yana tuƙa motar kaya, shi da matarsa da 'ya'yansu uku muna gida ɗaya. Ya tsaya jikin taga yana karantawa, har ya zo wurin da kika ce gashin ba nasa ba ne. Na saki guɗa ban san na yi ba. Ya ce, "Inna, ba haka ta rubuta ba." Na ce rufe mini baki, kunnen nan ya yi nauyi amma wannan kam ya ji ta. Ya ninke takardar ya ajiye mini a kan keke, ya fita ko abinci bai ci ba. Na ce yaron nan farin ciki ne ya shaƙe shi.

Kin ce kada in faɗa wa kowa. Ki yafe mini, shekara tara ina sunkuyar da kai a layin nan. Na faɗa wa mai kawo mini aikin labule, ita kuwa bakinta ba shi da zip. Kafin la'asar maganar ta kai bakin layi.

Matar marigayin ce yanzu ke riƙe da shagon maganin. Tun ranar shari'a ba mu haɗa ido ba, in ina son maganin gwiwa sai in aika wani shagon. Sai ga ta a ƙofar ɗakina da farar rigar aikinta. Ba ta yi zagi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Mai ɗinki, na ji an ce ba ɗanki ba ne. To wane ne? Kina nufin wanda ya fasa wa mijina kai yana yawo a layin nan, yana miƙo mini hannu ina ba shi magani?" Ni duk tunanina a fito da nawa, ban taɓa tsayawa na ce in an fito da shi wa za a saka ba.

Ranar ziyara na je da gudu-gudu. Kafinta ya rame, furfura ta cinye masa kai, ga tari da ba na so. Na manna bakina a ragar ƙarfen na faɗa masa komai. Na zaci zai yi kuka. Sai ya dubi ƙasa ya ce, "Inna, a bar gashin nan inda yake." Na ce yawu kawai ake so, yawun da kake tofarwa a banza. Ya ce ba zai bayar ba. Na ce kai wane irin mutum ne, ana miƙo maka igiya kana cikin rijiya kana naɗe hannu? Ya ce in gaishe da yara.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na manta kwanon a can. Ki faɗa mini yadda za a yi da mai taurin kai.

Innarki.

*

Inna,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, hankalina ne ba a kwance ba. Takardarki ta daɗe a hanya, na tabbata kafin ta iso hannuna maganar ta gama zaga gari.

Inna, don Allah ki saurare ni. Auta ya faɗa miki gaskiya. Ban ce gashin ba nasa ba ne. Na ce ba za a iya cewa nasa ne ba. Kalmomin kusan ɗaya ne, "ba" ce kawai ta sauya mazauni, amma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Na farko ya wanke shi. Na biyu cewa ya yi ba mu sani ba. Aikina gaba ɗaya a kan wannan tazarar yake, kuma rashin kula da ita ne ya kai Yaya inda yake. Ba na so mu ma mu faɗi abin da ya fi ƙarfin saninmu, ko da zai yi mana daɗi.

Tambayar matar marigayin kuwa tana kan hanya. Ba don fitar da mutane kawai ake wannan aikin ba. Duk wanda aka rufe bisa kuskure, akwai wani a waje da aka daina nema.

Ga inda aka tsaya. Lauya ta je wurin Yaya, ya ƙi ba da yawu. Masu gwajin kuma sun duba silin, sun ce tsinkewa suka yi, babu saiwa ko ɗaya. Gashi marar saiwa, abin da aka fi samu a cikinsa shi ne wani gado da uwa kaɗai ke ba 'ya'yanta, uba ba ya sa hannu. Yadda yake a jikinki haka yake a jikin duk wanda kika haifa. Saboda haka yawunki zai iya tsayawa a madadin nasa, kuma kwamiti yana da ikon yin gwajin ko bai yarda ba.

Amma kafin ki amsa, ki sa a karanta miki wannan sakin layin sau biyu. Gwajin nan ba ya nuna mutum ɗaya, tsatson uwa yake nunawa. In bai dace ba, ya wanke duk wanda ya fito daga cikinki. In ya dace, bai ce Yaya Kafinta ba ne, ya ce dai ɗan wannan tsatson ne. Ke ce, Yaya ne, Auta ne, har da ni, tunda kakata da mahaifiyarki ciki ɗaya suka fito, da wasu bare ƙalilan da ba mu sani ba. Ki yi tunani, ki kuma tambayi kanki me ya sa mutumin da ke cikin rijiya yake ƙin igiya. Ni ban sani ba, kuma ba zan yi zato a takarda ba.

In kin ce a tsaya, zan gane.

'Yarki.

*

'Yar Gilashi,

Muna lafiya, sai Auta da ya rage cin abinci, yana ta karɓar tafiye-tafiye masu nisa kamar ana korarsa. Matarsa ta ce ko a gida yake ba ya zama wuri ɗaya.

Na ji faɗan da kika yi mini, na karɓa. Wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to yau yaro ya sa gilashi ya hango wa babba. Auta ya karanta mini har wurin da kika ce yawuna zai tsaya a madadin na yayansa. Na ce saura fa, na ga takardar da tsawo? Ya ce sauran duk bayanin 'yan boko ne, ba abin da zan gane. Na ce to ai an zo wurin.

Na bayar. Lauyar ta zo da wata ma'aikaciya mai safar hannu, ta goga mini auduga a kan tsinke a cikin kumatu, ta rufe a kwalba, na dangwala hannu. Ko minti biyu ba a yi ba. Na ce mata ashe abin da zai fito da ɗana yana cikin bakina duk shekarun nan, ina ta haɗiye shi.

Na yanka masa riga, shuɗiya mai aljihu biyu, irin wadda yake so saboda fensir da tef. Da tsohon awonsa na yanka, na san za ta yi masa yawa, amma zai cika ta in ya dawo yana cin abincin gida. Da lalube nake ɗinkin, layin bai miƙe ba, shi dai ba zai ce komai ba.

Ina sauraronki. Duk ƙarar babur da na ji sai in ce mai kawo wasiƙa ne.

Innarki.

*

Inna,

Ina gaishe ki. Allah ya sa jikin da sauƙi. Wannan ce takarda ta uku da na rubuto tun fitowar sakamako. Biyun farko ta gidan waya na aiko, ban ji amsa ba, kuma jikina ya ba ni ba su iso kunnenki ba. Shi ya sa na ba lauya wannan ta damƙa miki hannu da hannu. Na rubuta da manyan baƙaƙe, na kuma sako miki gilashin ƙara girman rubutu. Ki karanta da kanki, a ɗakinki, kada kowa ya karanta miki.

Gwajin ya dace, Inna. Gashin da ke hannun marigayin na tsatsonki ne.

Na san yadda wannan zai sauka a kanki. Amma ki tsaya a kan abin da aka sani. Ba a ce Yaya Kafinta ba ne. A bakinmu muna cewa ɗan'uwa ba mu tsaya mun ji kalmar ba. Gwajin nan ita ya faɗa, ba ƙari ba ragi: mai gashin ɗan uwa ne, uwa ɗaya ko tsatson uwa ɗaya. Na yi miki wannan bayanin a takardata ta baya, a sakin layin da na ce a karanta miki sau biyu. Daga amsarki na gane ko sau ɗaya ba a karanta ba. In takardar tana nan, ki ɗora gilashin a kanta.

Gwajin ya cinye sili biyu, saura ɗaya. Akwai wata sabuwar hanya da masu bincike suka fito da ita, wadda kan iya tsamo gadon uwa da na uba tare daga gashi marar saiwa. In ta yi aiki tana raba wa da ƙane. Sau ɗaya za a iya gwadawa, don silin zai ƙare. Kuma yawunki ba zai wadatar ba a wannan karon, sai na ɗaya daga cikin mazan, ma'aikatan kwamiti su ɗauka da hannunsu. Yaya ya sake ƙi. In babu wanda ya bayar, za su rufe fayil ɗin a zamansu na gaba, su rubuta cewa sabon gwaji bai wanke shi ba. Daga nan babu wata ƙofa da na sani.

Inna, ni na buɗe wannan maganar da ilimin da nake alfahari da shi, ga inda ya kawo mu. Ba zan ce miki ga abin da za ki yi ba. Ba ni na haife su ba.

'Yarki, mai jin nauyinki.

*

'Yata,

Ina amsa gaisuwarki. Ba zan ce miki muna lafiya ba, kin hana ni faɗin abin da ya fi ƙarfin sanina. Muna nan dai da rai.

Gilashinki yana aiki. Na rufe ƙofa na karanta sabuwar, na ɗauko tsohuwar daga aljihun keke na ɗora shi a kanta. Baƙi ɗaya-ɗaya na bi, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na ga sakin layin. Na ga sunan Auta a ciki, daidai inda ya ce bayanin 'yan boko ne. Na karanta sau biyu yadda kika ce, sai dai na makara.

Na je ziyara ba kwano. Na ce, "Kafinta, dube ni. Hular nan a wace ƙusa take rataye, ta shagonka ko ta zauren gida?" Ya ce, "Ta zaure, Inna." Na ce wa ya fita da ita ran nan? Ya ce, "Matarsa tana da cikin fari a lokacin. Ni ba ni da mata ba ni da ɗa. Na zaci shekara biyu ko uku za su ba ni, ban san mai farar riga zai zo ba." Na ce kai wa ya ba ka izinin raba mini 'ya'ya, ka zaɓi wanda za a binne da rai? Ya ce, "Na ce miki a bar gashin nan." Tari ya sarƙe shi, suka tafi da shi. Ta baya na ga yadda kafaɗunsa suka zama, rigar da na ɗinka mutum biyu irinsa za su shiga.

A hanyar dawowa na bi ta gaban shagon magani. Matar tana miƙa wa wani yaro ƙwayoyi a leda. Na tuna sau nawa na aiki Auta sayen maganin gwiwa yana wuce shagon nan ya tafi mai nisa, ni kuwa ina cewa kara yake yi mini.

Na same shi a tsakar gida yana wanke taya, yaran suna makaranta. Na ɗauko almakashina na yanka, na jawo kujera na ce, "Zo in rage maka sumar nan, ta yi yawa." Rabon da in taɓa kansa tun yana ɗan makaranta. Ya dubi almakashin, ya dubi gilashinki da ke rataye a wuyana. Ya zo ya zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina. Na fara yanka. Ban tambaye shi komai ba. Can ya ce, "Inna, ban je don in kashe shi ba. Lokacin ina shan ƙwayar nan, ya ce ba zai ƙara ba ni ba. Na tura shi, ya cafki kaina, ya faɗa kan bakin kanta." Ya ce takardunki biyu suna cikin motarsa, bai iya ya yaga su ba. Hawayensa suna ɗiga a ƙafata, ni kuwa hannuna bai daina yanka ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya yi karin maganar nan bai ce komai ba a kan mai hannu biyu da aka ce ta zaɓi ɗaya. Ina son yaron nan, 'yata, shi ne na goya na ƙarshe. Ina duban 'ya'yansa uku ina jin kamar ni ce zan fasa musu kai. Amma ɗayan ma ni na haife shi, kuma tarin nan ba zai jira zaman kwamiti da yawa ba. Ga kuma matar can da tambayarta, wadda har yau ban amsa ba.

Ya ce gobe zai je gaban kwamitin da ƙafarsa su ɗauki yawun. Na san goben Auta, shekara tara tana zuwa. Da safen nan ya fita da motar, bai ce ga inda za shi ba. In can ya nufa, Allah ya ba shi ƙarfin gwiwa. In ba can ba ne, ki faɗa wa lauya kada su rufe fayil ɗin, uwarsu za ta zo ta faɗi abin da ta ji da kunnenta, kuma a wannan karon daidai ta ji.

Na san kin ce sai sun ɗauka da hannunsu, abin da ke cikin ambulan ba shaida ba ne. Ba don kotu na aiko ba. Na aiko ne don in na tashi gobe zuciyata ta karaya, in tuna ya riga ya bar hannuna. Za ki ga ƙyalle shuɗi a ninke, ragowar rigar yayansa ne, na zuba abin da almakashina ya yanko a ciki, na ɗinke bakinsa.

Na faɗa miki tun farko ba na raba kalmomin nan biyu. Yau ma ban raba ba.

Gashi.

Innarki.